Sai Dai A Cire

Ƙarfe ɗayan dare ta gota, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ƙanina ya kira ni daga ƙauye. "Yaya, Gwaggo fa ba ta iya buɗe baki." Na ce me ya same ta? Ya ce haƙorin nan ne. Haƙorin nan! Ashe kowa a gidan ya san da shi, har ya zama ɗan gida, ni kaɗai ne baƙo.

Sai da gari ya waye na ji tarihinsa. Wata bakwai ke nan da matauninta na ƙasa ya yi kogo. Da farko sai ta kurɓi ruwan randa yake tsarga mata har ƙwaƙwalwa, sai ta mayar da tauna ɗaya ɓangaren. Ta cusa kanumfari. Ta kurkure da gishiri da ruwan ɗumi. Ta danna jar kanwa. Wata maƙwabciya ta kawo mata garin taba, wani yaro mai gyaran babur ya ba da shawarar a ɗiga ruwan batir, Allah ya sa ƙanina yana wurin ya hana. Da abin ya ci tura aka je kemis, aka ƙullo mata haɗi a leda, ƙwayoyi kala-kala ba suna ba takarda. Ciwo ya lafa mako biyu ya dawo. Aka koma. Sau huɗu ana wannan zarya. A daren da aka kira ni, kumburi ya riga ya sauko daga kunci ya tare a ƙarƙashin haɓa, yawu ma da ƙyar yake wucewa.

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja a watan Agusta ya san abin da ake nufi da fito da marar lafiya daga ƙauye. Babur ya ɗauko ta, aka sauke ta a bakin ruwa, aka tsallaka da ita, aka sake cigiyar wani babur. Asibitin farko da muka shiga, ma'aikacin ya haska fitilar wayarsa a bakinta, ya girgiza kai, ya ce su ba su da mai duba haƙori. Na biyu akwai ɗakin, har da allo a ƙofa, ga kujerar nan ƙura ta yi mata lulluɓi, amma mai aiki da ita rana ɗaya yake zuwa a mako, ko ya zo ma ba wuta. A wuri na uku, bayan tafiyar da ta cinye yini, aka karɓe ta. Safar hannu mu muka saya. Allurar kashe zafi mu muka saya. Aka tsaga aka fitar da mugunya, aka yi ta ɗura mata allurai kwana uku, sannan aka cire haƙorin.

Likitan mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta yi masa katutu. Ya ce, "Mama, da kin zo tun yana ɗan rami, ciko kawai za a yi miki, kafin shayi ya huce kin tashi. Yanzu kam sai dai a cire." Gwaggo ta dube shi da kumburarren kuncinta ta ce, "Ɗana, dama ana cike haƙori?"

Tun daga ranar wannan tambaya take cina. Mace ta kusa saba'in, ta haifi tara, ta yi layin zaɓe tun zamanin Shagari, shekara arba'in tana turara shinkafa tana kai wa kasuwa, amma ba ta taɓa jin cewa ramin haƙori yana da magani ba. Kada wani ɗan boko ya taso mini da zancen jahilci. Gwaggo ta san ɗigon shan inna, ta san gidan sauro, ta san haɗa ruwan gishiri da sikari in gudawa ta kama jika, ta san awon ciki, ita ke kora surukanta su je. Ta san waɗannan ne domin an zo har ƙofar ɗakinta an gaya mata, an maimaita a rediyo, an sa mai unguwa ya yi shela. Haƙori kuwa ba wanda ya taɓa zuwa. Wanda aka hana labari ba shi ne jahili ba, a tuhumi wanda ya riƙe labarin a aljihu.

Ga abin da ba a gaya mata ba, kuma bai fi a faɗe shi a cikin minti biyu ba. Babu tsutsa a haƙori. Mutumin nan da ke shimfiɗa tabarma ranar kasuwa, ya turara hayaƙi a bakin mutum, ya nuna masa wasu fararen abubuwa a cikin ruwa ya ce ga tsutsar ta fito, ɗan damfara ne, ko da rawani a kansa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin cuta da ke maƙale a jikin haƙori suna cin sikarin da muka bari, su fitar da wani tsami da ke narkar da farin rufin haƙori a hankali. Tun rami yana sama, ba zafi sosai, kuma ciko ya wadatar. In ya nutsa ya taɓa jijiya, shi ne ciwon da ke hana babban mutum barci ya sa shi kuka gaban 'ya'yansa. A nan aiki ya zama na wanke jijiya, mai tsada, wanda sai a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko asibitocin kuɗi na birni. In jijiyar ta mutu, zafi yakan ɗauke na ɗan lokaci, mutum ya ce alhamdulillahi maganin kemis ya yi aiki, alhali mugunya ce ke taruwa a gindin haƙori. Daga mataunin ƙasa takan bi ta ƙarƙashin harshe ta gangara wuya, ta tura harshe sama ta toshe numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Shi ne ya kusa tafiya da Gwaggo. Da ya tafi da ita, da cewa za a yi kumburin wuya ne, ko sammu, ko kwana ne ya ƙare. Ba mai rubuta haƙori a takardar mutuwa, domin takardar ma babu.

To, a zo batun kuɗi, tunda nan ne kowa ke fakewa. Na zauna na yi lissafin abin da muka kashe, na tarar kuɗin cire haƙorin shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Babur, mota zuwa da dawowa ta mutum uku, abincin mai jinya, magunguna, kwanan asibiti, su suka cinye buhun shinkafar da ƙanina ya ajiye don kuɗin taki. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, nisa ya zama cuta mai zaman kanta. Mutumin garuruwanmu irin Bulangu ko Ruba ko Sarawa da aka ce masa ya tafi Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kano, an riga an yanke masa hukunci tun kafin likita ya gan shi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma Gwaggo ba ta cikin masu albashi, haka masunta da manoman rani da masu sassaƙa turmi. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa kai tsaye. Mai aljihu ɗaya, wanda taki da kuɗin makaranta da cefane suke layi a bakinsa, ta yaya zai ba haƙorin da bai fara ciwo ba wuri a gaba? Zai jira. Ramin kuwa ba ya jira, kullum farashinsa hawa yake, kamar bashi mai ruwa.

Shi ya sa kemis ya zama likitan haƙorin talaka. Ina jin haushin masu kemis, amma ba zan yi munafunci ba: ƙarfe goma sha ɗayan dare ƙofarsu ce kaɗai a buɗe. Haushina shi ne abin da suke ƙullawa a leda. Ampiclox da Flagyl ba sa cike rami. Sukan kwantar da kumburi na ɗan lokaci, mutum ya sha na kwana biyu ya ajiye saboda kuɗinsa iya nan ya kai, ƙwayoyin cutar su koyi yadda ake tsallake maganin, gobe in an zo da ciwon gaske a rasa abin da zai ji. Ga daiklofenak da ake haɗawa da wasu 'yan'uwansa biyu ko uku a sha da cikin wofi, wata da watanni. Kowane likita zai gaya maka wannan rukuni na maganin zafi yana cin ciki, yana kuma taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. Mu mutanen ƙasar Haɗeja ba sai an yi mana wa'azi a kan ciwon ƙoda ba. Daga nan har Gashuwa, gida nawa ne bai yi jinyarsa ba, ko bai je ta'aziyyarsa ba? Masu bincike na ta nazarin musabbabinsa a wannan kwari, mu kuma muna ƙara wa ƙodar kaya saboda haƙorin da ciko ɗaya zai raba mu da shi. Maganin kirki kuwa ya yi fiffike. Tun da kamfanin GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a Agustan 2023, farashin maganinsa Augmentin ya ninka ya sake ninkawa. A Disambar shekarar P&G, masu Oral-B, su ma suka ce sun daina sarrafa kaya a nan. Har man goge baki ya fara zama kayan ƙawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne uzurin da manya ke bayarwa, wai aikin haƙori aiki ne mai tsada, sai da kujera ta miliyoyi, da injin huda, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan da ya yi shekara shida a jami'a. Gaskiya ne likitocin haƙori sun yi kaɗan. Makarantarsu ta farko a ƙasar nan a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, Arewa ta daɗe ba ta sami tata ba, waɗanda ake yayewa kuma birane ke riƙe su, ko Ingila da Saudiyya su kwashe. Ba na mafarkin ganin likitan haƙori a kowane ƙauye. Amma uzurin ƙarya ne, kuma a Afirka aka ƙaryata shi. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ya fuskanci irin matsalarmu: ƙauyuka ba wuta, ba ruwan famfo, ba inji. Sai ya fito da hanyar ciko da kayan hannu zalla. A kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan ƙaramin cokalin ƙarfe, a kwaɓa wani irin siminti na haƙori da ake kira gilas ayonoma, a cusa, a danna da yatsa. Sau da yawa ko allura ba a buƙata. Mutum na iya kwanciya a kan benci ko teburin aji a yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da wannan hanya ga duniya a ranar lafiya ta 7 ga Afrilu, 1994. Shekara talatin ke nan da ɗoriya. A 2021 hukumar ta sa wannan siminti a jerin magungunan da bai kamata kowace ƙasa ta rasa ba, tare da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake shafa wa ramin haƙorin yaro ya tsayar da ruɓar. Aibinsa ɗaya, yana baƙanta wurin. Wace uwa ce za ta ƙi ɗigon baƙi a haƙorin da ma zai yi famfara, in ya raba ɗanta da kukan dare?

Wannan aiki ne da ma'aikacin haƙori na tsakiya, wanda bai kai likita ba, zai iya yi da akwati ɗaya a bayan babur. Akwai makarantar tarayya a Enugu da ke horar da irinsu, ga Jami'ar Bayero da tsangayar haƙori, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun, nan kusa da mu, tana yaye ma'aikatan lafiya na matakin farko. Jigawa tana da mazaɓu 287, ƙaramar hukumarmu ta Kafin Hausa tana da 11. A ce ma'aikaci ɗaya yana zagaya mazaɓu biyu ko uku, ranar kasuwa yana asibitin garin, ranar Laraba yana firamare yana duba bakin yara. Me za a kashe? Bai kai kuɗin motar rakiyar babban mutum guda ba.

Kuma dokoki suna nan jibge. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, jiharmu ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, JICHMA. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Sannan dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sikari, aka fara karɓa a 2022. Wato gwamnati ta yarda sikari yana cutarwa har ta sa masa kuɗin fito. To ina rabon haƙori a wannan kuɗi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bakin yaron garin Mezan ke ruɓewa, harajin ya tafi inda ba zai taɓa ganinsa ba.

Kar a ce mini baki ƙaramin abu ne a ƙasar da ta gina asibiti sukutum don cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. A Sakkwato yake, tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tana aiki a cikinsa tun 2014. Cutar da ke cinye kunci da leɓe da hancin yaro cikin 'yan kwanaki, daga ciwon dasashi take farawa, a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda ta riga ta kayar. In ba a yi magani ba, tara cikin goma mutuwa suke. Najeriya ce ta ja gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a Disambar 2023. Mun je Janeba mun yi nasara, an tafa mana. A gida kuwa, ma'aikacin da zai ɗaga leɓen yaro ya duba dasashi tun yana jini, mu gano abin tun a mako na farko, shi ne babu. Mun ga abin da mayar da hankali ke yi: shekarun da aka yi ana aikin haihuwa da yoyon fitsari a Jahun sun sa mata suna tahowa daga nesa, domin sun ji labarin akwai magani. Mutanenmu ba sa gudun asibiti. Asibitin da ba komai a cikinsa suke gudu.

Mu ma kuma da namu. Alhaji zai dawo daga Makka da haƙorin zinariya, ya yi ta murmushi ko ba a yi abin dariya ba, matarsa kuwa tana ɗaki da kanumfari a kunci. Mai shayi zai zuba cokali huɗu, mu ce ƙara. Yaro ya yi kuka, a toshe bakinsa da alawa, ya kwana da ita. Aswaki da addini ya kwaɗaitar da mu a kansa, ga darbejiya a kowace ƙofa, ga marke a daji, mun mayar da shi abin taunawa a gefen baki ana hira, ba a goga shi inda dattin yake. Ni da nake wannan kumfar baki, me nake kai wa Gwaggo tsaraba duk sallah? Sikari, da madarar gwangwani, da katan ɗin lemo. Shekara ashirin ban taɓa kai mata buroshi da man goge baki ba, ban taɓa cewa Gwaggo buɗe in gani ba. Wanda zai iya sayen man, ya duba ya ga an rubuta akwai fuloraid, ya goge safe da kuma daf da kwanciya, ya tofar kada ya kurkure. Wanda ya ji ruwan sanyi ya fara tsarga masa, ranar ce mafi arahar tafiya asibiti, ko da rance ne. Amma in ya je ya tarar da kujera cikin ƙura fa? Nan shawarata ta ƙare, ta waɗanda muka zaɓa ta fara.

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne. Matsalar ta girme wa mulkinsa, ta girme wa jihar ma da aka ƙirƙira a 1991, ba shi ya haife ta ba. Amma ranka ya daɗe, kai ka san hanyoyin nan da damina, ka san abin da kuɗin mota zuwa Dutse yake nufi a gidan manomi. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa tun 2013, ga ɗalibai, ga malamai masu iya zagayawa su ƙirga mana bakin yara nawa ne ya ruɓe a firamarenmu. Ba asibitin haƙori mai bene nake roƙo ba, wanda za a yanke kyalle a ɗauki hoto a rufe. A ɗauki ma'aikatan haƙori na tsakiya, a ba su akwatin kayan hannu da siminti, a sa ciko da cirewa da wanke baki cikin abin da katin inshorar talaka ke biya, a rubuta farashi a bango inda kowa zai gani, a sa rediyo ta faɗa da Hausa da Fulatanci cewa ana cike haƙori.

Makon jiya na je ƙauye. Gwaggo ta warke, tana bakin tukunyar turara shinkafa, giɓin ya rufe. Na kai mata buroshi, ta juya shi ta ce wannan ai na yara ne. Na ce ta buɗe baki in gani, ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka zama likita?" Ta buɗe. A ɗaya ɓangaren, wanda ta mayar da tauna kansa wata bakwai, akwai ɗigon baƙi a tsakiyar matauni, bai kai ƙwayar gero ba. Na ce Gwaggo shirya gobe mu tafi a cike shi. Ta tambaye ni nawa ne kuɗin mota yanzu. Na faɗa mata. Ta mayar da murfin tukunya ta ce, "Bari dai a yi kaka."